Littafin Kwalbati

Ni ke riƙe da littafin,
mai shuɗin bango, na lissafin ɗana da ya bari a rabi.
A shafin farko na sa: Kwalbatin Layinmu, Kakuri.
Gefensa har yau da tabo,
na daren da ya shigo mana ba sallama,
ya ɗauke buhun masarar Kande, ya bar mata turmi,
ya kai takalman yara har bakin kasuwa.

Takarda uku muka rubuta.
Ta farko aka ce tana kan tebur,
ta biyu aka ce mai tebur ya yi tafiya,
ta uku Ɗantala ya gan ta da idonsa
an naɗe ƙosai a cikinta.
Ranar muka daina jiran masu zuwa.

Baba Iliya, da ya ba masaƙa shekara ashirin
har injin ya yi shiru ya bar shi da tari,
shi ya dire gwangwanin madara a ƙasa:
"Kowa ya jefa abin da ba zai hana shi barci ba."
Ɗari biyu. Hamsin.
Dubu ɗaya daga mai kemis,
wanda ya so a faɗa da ƙarfi, aka kuwa faɗa.
Larai mai awara ba ta da ko sisi,
ta ce a rubuta ta: jarka goma ta ruwa.

Asabar muka zaɓa.
Juma'a tana da masu ita, Lahadi ma haka,
Asabar ta laka ce, ba ta tambayar sunan kowa.

Abin da muka tono, kunya ta hana ni rubutawa duka:
ledar ruwa kamar an shuka ta,
tsohuwar taya, rabin katifa, kan 'yar tsana,
da wani bokiti da matata ta gane
ta kau da kai.
Duk namu ne.
Ba wanda ya kawo shi daga wata unguwa.

Yohanna mai walda ya ɗaure rodi bai karɓi kuɗin hannu ba.
Samarin bakin shago, da muke wa kallon zaman banza,
su suka ɗauki kwanon kankare tun hantsi
har wuyansu ya ƙi juyawa.

Kar wani ya ce maka ba a yi rigima ba.
Mako biyu Malam Tanimu bai gaishe ni ba
kan naira ɗari bakwai
da ta ɓace tsakanin siminti da kuɗin mota.
Na kwana ina ƙirga da fitilar waya,
ashe tana shafi na tara, inda maiƙo ya manne takarda.
Bai ba ni haƙuri ba.
Washegari ya zo da shebur biyu, ya miƙo mini ɗaya.
Tasa ke nan gaisuwa.

Sai ga daren Agusta.
Hadari ya haɗo daga gabas, wuta ta ɗauke,
muka tsaya a ƙofofi da tocila, ba mai magana.
Ruwa ya gangaro da fushinsa na bara,
ya nemi ɗakin Kande,
sai ya tarar an yi masa hanya.
Ya sunkuya, ya shige ta ƙarƙashinmu
yana gunaguni, ya nufi kogi.
Kande ta ce, "To," ta koma ta kwanta
ana tsakiyar tsawa.

Gefen hagu ya ɗan tsage, ban ɓoye ba,
yashinmu ya fi simintinmu yawa.

Shafi shida ya rage a littafin.
Larai na maganar rijiyar burtsatse,
samari na son fitila a kwanar da ake ƙwace waya,
Baba Iliya, tsakanin tari da tari,
ya ce a fara da tsagar nan tukuna.
Gwangwanin na nan, ya soma tsatsa.
Na lashi yatsa, na juya shafi,
na rubuta kwanan wata,
na bar fili a ƙasa, mai ɗan yalwa.